Yaƙin Takalma a Bin Mahmud

Na sauka Doha da alkawura uku da dillalin aiki ya yi mini a Kaduna: babban asibiti, ɗakina ni kaɗai, da motar kai ma'aikata. Sunana Rifkatu, 'yar Kafanchan ce ni, aikin gwajin jini da majina na karanta. Na bar 'yata guda a hannun mahaifiyata, na ce mata ba zan daɗe ba.

Babban asibitin ya zama wani ƙaramin ɗakin shan magani a saman kanti. Ɗakina ni kaɗai kuwa wani lungu ne a unguwar Mu'aither, cikin gidan da aka yayyanka da katako aka zuba mata daga ƙasashe daban-daban. In maƙwabciyata ta yi juyi a gado, bangona ne ke motsi. Na kira dillalin, wayarsa ta daina shiga. Na yi kuka na share hawaye, washegari na tafi aiki.

Ban gama sanin hanyar bas ba korona ta shigo. Aka rufe gari. Mu kuwa aiki ya ninka, domin ni ce ke cusa tsinken auduga a hancin mutane tun safe har yamma, cikin rigar leda da gumi ke taruwa a ƙafafunta. Da matan gidan suka gane aikin da nake yi, sai suka fara kaucewa. In na shiga kicin su fita. Wata ta riƙa fesa magani a inda na taka, ina kallo. Wata rana na dawo na tarar da akwatina a tsakar gida cikin rana. Mai kula da gidan ya tsaya nesa, ya ce, “Khalas, shi ke nan, sista. Ki nemi wani wuri.”

Wata abokiyar aikina ce ta ce ta ji akwai ɗaki a unguwar Bin Mahmud da kowa ya ƙi. Na tambaye ta dalili. Ta rage murya ta ce, “'Yar China ce a gidan.”

A lokacin mutane na ganin ɗan China kamar shi ya ɗauko cutar a aljihu. Ni kuwa da aka riga aka jefar mini da akwati, me ya rage in ji tsoro? Na hau bene na ƙwanƙwasa. Wata gajeriyar dattijuwa mai furfura ta buɗe, ludayi a hannunta. Na ce mata tun daga bakin ƙofa, “Mama, gaskiya zan faɗa miki. Masu korona nake gwadawa. An kore ni daga inda nake.”

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da guntun Turancinta, “Ni ma suna guduna. To, shigo. Cire takalmi.”

Sunanta Lin, ni kuma Mama Lin nake ce mata. Mai dafa abinci ce a wani gidan cin abinci da kulle ya rufe. Ita ta karɓi hayar sashen gidan da sunanta, ɗakuna uku da falo, masu zama da ita duk suka watse. Daga baya muka samu ta uku, Memuna, 'yar Zangon Kumasi mai kitso a wani shago da ke tsallaken titi. Ranar da na ji ta tana waya da Hausa a matakala, na kusa rungume ta duk da dokar ba da tazara. Hausarsu ba ta raba mace da namiji. Ta ce mini, “Kai ma Hausa kake ji? Daga ina ka fito?” Na yi dariyar da na daɗe ban yi ba.

Cutar ta kama ni daga baya. Aka ce in killace kaina a ɗaki. Mama Lin ta riƙa ajiye mini kunun shinkafa mai citta a bakin ƙofa, ta ja kujera ta zauna a waje tana yi mini hira don kada in ji kaɗaici. A nan na fara jin labarin mahaifinta. Tsohon soja ne da ya koma koyarwa a ƙauyensu, kuma ba shi da hira sai ta janar-janar ɗin China na zamanin da. Ta ce a ƙasarsu har yau 'yan kasuwa da masu horar da 'yan wasa, kai har surukai, da dabarun waɗannan tsofaffin suke zama da juna. Zazzaɓi na cina, ina kewar 'yata, ita kuma tana ba ni labarin mutanen da suka fi ganin girman wanda ya ci yaƙi ba tare da an zubar da jini ba. Ban ɗauki abin da muhimmanci ba. Muryar mutum kawai nake so.

Da na warke ta koya mini wani wasansu mai kama da dara. Ta zana layuka a kwali, ita ta ɗauki wake ni gyaɗa. Kullum sai ta cinye ni. “Kina da zafi,” in ji ta. “Kina ganin abokin gaba sai ki ruga. Dubi fili tukuna.”

Haka muka zauna har gari ya buɗe, ta koma aiki, aka cire takunkumi. Sai Gasar Kofin Duniya ta matso. Doha ta cika da tutoci da fenti, haya ta haukace. Ko'ina ka ji ana fitar da masu haya domin a zuba baƙin ƙwallo.

Namu ya zo ta hannun Nadim, wakilin mai gidan. Mutum ne mai turare da murmushi, kullum makullai na kaɗawa a hannunsa. Ya ce mai gida na son sashenmu, mu tashi kafin wata ya ƙare. Mama Lin ta nuna masa cewa yarjejeniyarmu sai bayan gasar za ta ƙare. Ya yi murmushi ya ce ba komai. Bayan kwana kaɗan ruwa ya ɗauke a sashenmu kaɗai. Sai iyakwandishan ya mutu, ga zafin da ko bango ba ka iya dafawa. In mun kira shi ya ce, “Bukra, inshallah,” wato gobe. Goben ba ta zuwa.

Muka koma sayen ruwan jarka muna hawa da shi bene. Gwiwar Mama Lin ta kumbura. Na zaga neman wani wuri, har Al Thumama na je, ko lungun katako babu. In na rasa wurin kwana kusa da aiki, sai dai in tattara in koma gida hannu biyu, makarantar 'yata ta tsaya.

Wata Juma'a da hantsi na fashe. Na ce zan je ofishinsa in tara masa jama'a, in ɗauke shi a waya duniya ta gani. Memuna ta ce, “Wallahi ina bayanka, mu je!”

Mama Lin tana tsinke ganye, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, “Kin je kin yi ihu. Sai me? Ya san manajan asibitinku, tare suke shan shayi. Waya ɗaya zai yi a ce ke mai rigima ce. Ke kin san shi? Kin san wa yake tsoro?”

Na koma na zauna. Ta ci gaba:

“Ya ce mai gida ke son wurin. Kin taɓa ganin mai gidan? Tsofaffinmu ba sa fita yaƙi sai sun san ƙasar da za su taka da mutumin da za su tarar. Nemo mai gida.”

Memuna ce ta tuna da kawunta, Baba Issaka, wanda ya daɗe yana tuƙi a wani gida a Mu'aither. Direbobin gidajen nan duk sun san juna, a masallaci suke haɗuwa. Ba a jima ba ya kira ni. “Rifkatu, ka saurara da kyau. Mai gidanku mace ne, tsohuwa, mijinsa ya rasu. Ummu Rashid ake ce masa. Direbansa abokina ne. Tsohuwar bai san komai ba a kan korarku. Nadim na so ya ba 'yan ƙwallo wurin ne a ɓoye.”

Baba Issaka ya yi mini hanya, na koma Mu'aither, unguwar da aka taɓa jefar mini da akwati, wannan karon ta babbar ƙofa. Ummu Rashid ta karɓe ni a falonta, aka kawo gahawa da dabino. Direbanta ya yi mana tafinta. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “'Yata, mutumin nan ya yi wa mijina aiki tun kafin ki yi wayo. Ba zan tozarta shi saboda maganar baƙuwa ba. In gaskiya kike faɗa, in gani da idona. Ranar da kike da abin nunawa, ki aiko.”

Na dawo gida. Me zan nuna? Nadim bai taɓa rubuta komai ba. Famfon da ya ƙafe kuwa zai ce lalacewa ya yi.

Mama Lin ta ce in zauna, ta ba ni wani labari da mahaifinta ya fi so. Wai fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, wani janar yana ja da baya, abokin gabarsa mai ƙarfi da girman kai yana bin sa. Sai ya umarci sojojinsa su riƙa rage murhun girki a duk zangon da suka sauka. Mai bin su in ya iso sai ya duba gurbin murhu, ya ga yau sun fi na jiya kaɗan, gobe ma haka. Ya ce ai sojojin nan guduwa suke yi, sun ƙare. Ya bar yawancin rundunarsa a baya, ya rugo da 'yan mahaya kaɗan, ya faɗa cikin kwarin da ake jiran sa.

“Yana hankali ne saboda yana ganin kuna da ƙarfi,” in ji ta. “Ranar da ya ga kun karye, zai yi sauri. Mai sauri yana barin sawu.”

Na ce, “To mu ina muka ga murhu?”

Ta ɗaga kafaɗa. “Ni labari na sani.”

Na tashi zan fita ɗebo ruwa, na buɗe ƙofa, idona ya sauka a kan takalmanmu. Dokar Mama Lin ce, ba a shiga mata gida da takalmi, don haka ƙofarmu kullum cike take: silifas, takalman aikina, masu tsinin Memuna. Na kuma san kowace safiya mai gadin gidan, wani bawan Allah ɗan Nepal mai suna Bahadur, yakan zaga benen ya faɗa wa Nadim abin da ya gani, don aikinsa ke nan. Na juyo na ce, “Mama, ga murhunmu.”

Ta leƙo, ta dube su, ta dube ni. Ranar ce na fara ganin haƙoranta duka a waje.

Muka fara da na Memuna. Suka ɓace daga ƙofa, ta bi ta gaban Bahadur tana jan akwati zuwa shagonsu, akwatin babu komai a ciki. Ta riƙa dawowa ta ƙofar baya. Bayan kwanaki takalmana suka ragu, muka daina shanya a baranda, na cire labulen tagata. Abin da ya fi wuya shi ne hana Mama Lin soya tafarnuwa, domin ƙamshin girkinta har titi ake ji. Ta koma dafa shinkafa fara tana ƙunƙuni da yarensu.

Ba mu gaya wa Bahadur komai ba, don kada mu jefa shi cikin matsala. Ni kuma na yi wa kaina alkawari ba zan yi ƙarya ba. Da ya tambaye ni, “Sista, tafiya za ku yi?” sai na ce, “Bahadur, mun gaji.” Allah ya sani mun gaji ɗin.

Nadim ya daina kira. Da muka haɗu a matakala har ya tambaye ni ko ina buƙatar mota ta kwashe kaya. Jinina ya tafasa, amma na sunkuyar da kai na ce na gode.

Daga ƙarshe silifas ɗin Mama Lin kaɗai ya rage a ƙofa. Sai ga Bahadur ya hawo, idonsa ya yi ja. Duk tsawon kulle ita ta ciyar da shi. Ya ce, “Mama, ranar Alhamis da safe mota za ta kawo gadaje. Ki kwashe sauran kayanki kafin nan, kada su zubar miki a titi.” Ta dafa kafaɗarsa ta ce ya kwantar da hankalinsa. Yana sauka na kira Baba Issaka ya kai wa Ummu Rashid saƙo.

Ranar Laraba da yamma muka shigar da silifas ɗin ciki. Mama Lin ta zaunar da mu ta ce, “Saura abu ɗaya. Gobe in ya shiga hannu, ku bar masa ƙofa.”

Memuna ta zabura. “Ƙofa? Mutumin da ya hana mu wanka?”

“Janar-janar ɗinmu in sun kewaye abokin gaba, sukan bar gefe ɗaya a buɗe. Wanda ya ga ba shi da mafita, da haƙori zai yi faɗa. In kun ƙone shi gobe, jibi yana wurin manajan Rifkatu, gata yana wurin kafil ɗinki mai riƙe da takardun zamanki. Ruwa kuke so ko kansa?”

A raina kansa nake so.

Alhamis da sassafe Ummu Rashid ta iso. Direbanta ya ajiye mota a bayan gida, ya riƙo ta suka hau a hankali. Ta shiga kicin da kanta ta murɗa famfo, ya yi tari, ko ɗigo babu. Ta tsaya ƙarƙashin iyakwandishan ta ɗaga hannu. Ko iska babu. Ta zauna a falo cikin baƙar abayarta, gumi na tsattsafo mata, Mama Lin ta kawo mata shayin da ta dafa da ruwan jarka.

Can muka ji ƙarar ƙarfe a matakala, sai makulli a ƙofa. Nadim ya shigo da baya yana yi wa leburori nuni, suna ɗauke da gadaje masu hawa biyu. Tare da shi akwai wani mai kwat da ke sauke baƙin ƙwallo. Nadim na ce masa, “Babu kowa, na riga na fitar da su. Ɗakunan nan za su ɗauki mutane da yawa, falon ma za mu sa gado.”

Ya juyo. Makullan suka faɗi daga hannunsa.

Ummu Rashid ta ajiye kofin shayi. Ta yi masa magana da Larabci, a hankali, ba ta ɗaga murya ba. Ban ji duka ba, amma na ji sunan mijinta, na kuma ga yadda fuskar Nadim ta koma kamar toka. Mai kwat ya sulale. Leburori suka tsaya da gado a kafaɗa, ba su shiga ba, ba su fita ba.

Sai ta juyo gare ni, direba ya fassara. “'Yata, ke aka zalunta. In kin ce a kira 'yan sanda, yanzu za a kira.”

Duk jarkokin da na hau da su benen nan suka dawo mini a kafaɗa. Na tuna gwiwar Mama Lin. Bakina ya cika da magana. Nadim ya dube ni, a karon farko babu murmushi, na ga mutum mai iyali da ya tsorata, na kuma ga wanda zai iya cizo. Mama Lin ba ta ko kalle ni ba, ta bar ni da kaina.

Na ce, “Hajiya, ba mu da buƙatar 'yan sanda. Ruwa muke so, da sanyi, da a bar mu mu cika wa'adinmu. In Malam Nadim ya gyara wannan yau, mu a wurinmu magana ta ƙare.”

Ummu Rashid ta daɗe tana kallona. Ta ce wa Nadim, “Ka ji. Yalla, maza.”

Kafin azahar famfo ya kawo. Memuna ta shiga banɗaki da kayanta a jiki, ta sakar wa kanta ruwa tana ihu da waƙar Zango. Mama Lin ta ɗora kasko ta zuba tafarnuwa har sai da muka yi atishawa, ta aika wa Bahadur kwano cike. Shi kuwa da ya ga Memuna ta leƙo daga baranda, ya riƙe baki ya zauna a kan kujerarsa yana dariya.

Tsohuwar ba ta kori Nadim ba, amma ta karɓe makullan gidajenta ta ba ɗanta, shi ya koma ɗan aike. Sauran masu haya a benen, waɗanda su ma ya fara matsa musu, duk suka tsira da ɗakunansu. Babu wanda ya kira manajana. Babu wanda ya je wurin kafil ɗin Memuna.

Gasar ta zo muna cikin gidanmu. An tura ni aikin agajin gaggawa a wajen filin Al Thumama, na ɗaure ƙafafun mutanen da ban san sunan ƙasashensu ba, na ga 'yan Afirka suna rawa a titin Doha kamar garin ubansu. In Ghana na wasa, falonmu ya cika da 'yan Zango, Baba Issaka a kujerar gaba, Mama Lin na raba abinci tana tambaya wane ne namu.

Ana cikin haka wata rana na dawo daga aiki da rana, ina fama da tukunyar gas a ƙasan bene, sai ga Nadim ya kawo saƙo. Muka tsaya muna kallon juna. Ya sunkuya ya ɗauki tukunyar, ya hau da ita har ƙofarmu yana haki. Ya ajiye, ya share gumi, ya ce, “Sista, tambaya ɗaya. Wane lauya ne ya tsara muku abin nan?”

Na ce, “Ba lauya ba ne. Wani soja ne ɗan China.”

“Yana nan Doha?”

“Ya rasu fiye da shekara dubu biyu. Ko sunansa ban iya faɗa daidai ba.”

Ya yi tsammanin ba'a nake masa. Ya girgiza kai ya sauka.

Na cika wa'adin aikina, na ƙara wani a asibitin da ya fi wancan, wanda na nema da kaina. Ranar da na bar Doha, ni na zaɓi ranar, ni na rufe ɗakina, na miƙa makulli hannu da hannu. Mama Lin ta rako ni har bakin titi tana ɗingishi. Ba ta iya sallama mai tsawo ba. Ta gyara mini wuyan riga, ta ce da Hausar da ta tsinta a bakinmu, “Sai wata rana, janar.”